Mantau Magini da Ƙubbar Sitti Bahiyya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai, wanda ya kafa sama ba azara, ya shimfiɗa ƙasa ba daɓe, ya ba tururuwa dabarar rami, ya ba zanzaro dabarar ɗaki, sa'an nan ya bar ɗan Adam ya nemi tasa da gumi da hawaye. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ku matso ku ji. Ni ne Mantau ɗan Arzika, magini ɗan magini, mutumin Birnin Gamji. Zan gaya muku abin da ya fitar da ni daga gidan ubana, da abin da na gamu da shi a ƙasar Sandamira.

Mahaifina shi ne Sarkin Maginan birninmu. Shi ya ɗaura rufin masallacin Juma'a da hannunsa, bakan gizo kan bakan gizo, har baƙo kan ɗaga kai yana kallo hularsa ta faɗi. Amma a zamanin nan manyan giginyoyin ƙasarmu sun ƙare, sai ƙanana waɗanda ba su nuna ba, da su aka yi azarar. Gara ta shiga ta ciki tana ci, ba wanda ya sani. Wata Juma'a cikin marka, liman na tsakiyar huɗuba, rufin ya sauko kan sahu. Cikin waɗanda muka tono ba rai har da wana Jatau. Ni na kama ƙafarsa na jawo shi daga cikin laka.

Sarki bai kashe mahaifina ba, bai kuma ɗaure shi ba. Aikowa ya yi aka kwance masa rawanin sarauta, aka yi shela kada ya ƙara taɓa ginin kowa. Daga ranar masu gaishe mu suka daina, mata suka riƙa janye 'ya'yansu in mun gitta. Mahaifina ya shimfiɗa buzu a zaure, ya juya fuska bango, abinci sai an yi da gaske. Juma'a kuwa ta koma fili, don ba mai yarda ya sake shiga ƙarƙashin babban rufi.

Ana nan sai wani madugu ya sauka garin. Na ji shi a kasuwa yana ba da labarin wata ƙasa can gabas wai ita Sandamira, bayan rairayin da tsuntsu ba ya ƙetarewa, inda ake rufa ɗaki da dutse zalla, ba itace ko sili, rufin ya ga jikokin jikokin wanda ya gina shi. Mutane suka yi dariya suka watse. Ni na bi shi masauki, na roƙe shi ya ɗauke ni ko a matsayin mai jan raƙumi.

Na durƙusa bayan mahaifina na ce, "Baba, zan bi ayarin nan. An ce akwai masu rufi ba azara, zan je in koyo."

Ya ci gaba da fuskantar bango. Can ya ce, "Ɗaya ya mutu ƙarƙashin aikina. Kai kuma za ka je ka mutu cikin rairayi."

Na ce, "In na zauna, Baba, mutuwar ce dai, sai dai a hankali."

Bai juyo ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Muka yi ta tafiya har wata ya mutu ya sake tsayawa, ya mutu ya sake tsayawa. A hanya na koyi harshen mutanen gabas a bakin masu raƙuma. Muka wuce dutsen gishiri, muka wuce kwarin da ƙasusuwan kifi ke kwance cikin yashi alhali ba ruwa ko na ɗigo. Rijiyar da muka sa rai da ita muka tarar ta ƙafe. Kashegari da hantsi wata jar guguwa ta taso ta haɗa sama da ƙasa. Da ta lafa na tono kaina daga yashi, na duba gabas na duba yamma, ba ayari, ba sawunsa.

Na miƙe na bi mafitar rana. Harshena ya kumbura, leɓɓana suka tsage, na kai inda nake tafiya ina magana da Jatau kamar yana gefena. Cikin wannan hali na hango wasu tsaunuka, gindi faɗi, kai tsini, gefensu a miƙe kamar an ja da zare. Da na matso sai na ga ashe hannu ya gina su, dutse kan dutse, kowane dutse ya fi ni tsawo. Na kai inuwar ɗaya daga cikinsu na faɗi.

Da na farfaɗo sai na ji ruwa a bakina. Wani gajere ne mai jan gemu tsugune a kaina, bayansa ga wasu riƙe da igiyoyi da diga. Ya ce sunansa Darwishu, ya tambayi sana'ata, na ce gini. Ya waiwayi mutanensa ya yi murmushi.

Ya ce, "Sha, ɗan'uwa, sha. Allah ne ya kawo ka. Muna da ɗan aiki a ƙarƙashin ƙasa, wanda ya san dutse shi ya dace da shi."

Ashe masu fasa kaburburan mutanen da ne. Suka kai ni bakin wani rami da ya gangara ƙarƙashin tsaunin, iyakar faɗinsa mutum ya yi rarrafe. Suka ɗaura mini igiya a ƙugu, suka ba ni fitila, suka nuna mini tsinin wuƙa. Na shiga.

Ramin ya kai ni wani ɗaki da ya fi fadar sarkinmu girma. Ginshiƙansa an sassaƙa su kamar damin kara, bangonsa cike da zanen mutane masu kan tsuntsu da masu kan dila, launinsu sabo kamar jiya aka shafa. Na manta da ɓarayi, na ɗaga fitila ina neman rufin. Shuɗi ne, an zuba masa taurari. Amma na ƙara ɗaga fitila na duba da kyau. Falalen duwatsu ne aka kwantar kan ginshiƙai, kowanne ya fi zauren gidanmu tsawo. Na ce a raina, in wannan ce dabarar, na zo a banza. Wannan aikin mai bayi ne kamar yashi. Wa zai ɗaga mini irin wannan a Birnin Gamji?

Ina ja da baya sai ƙafata ta yi karo da ƙashi. Na haska. Mutum ne, rigarsa ba ta ko gama ruɓewa ba, da guntun igiya a ƙugunsa. Gefensa ga wani, shi ma da guntun igiya. Nan na gane yadda Darwishu ke sallamar ma'aikatansa.

Muryarsa ta gangaro. "Me ka gani?"

Na ce, "Akwati ne, ubangidana, an dalaye shi da zinariya. Nauyi gare shi. Bari in ɗaura, in kun ji bugu ku ja a hankali, zan biyo baya ina turawa."

Akwatin na nan da gaske, na itace, mai siffar mutum, da fuska zane a murfinsa. Na buɗe, na tarar da mai shi a nannaɗe, ya bushe, ba shi da nauyin ko ɗan akuya. Na ce, "Bawan Allah, ko wane ne kai, ara mini gadonka." Na kwantar da shi a gefe, na rufa masa rigata. Na ɗebi tsofaffin ƙyallayen da ke tare da shi na naɗe kaina da fuskata da hannuwana. Na ɗaure igiya a akwatin tam, na shiga, na jawo murfi na riƙe ta ciki, na buga.

Suka yi ta ja, ina ta karo da katako, har na ga haske ta tsaga. Na ji Darwishu ya ce, "Ku mirgino dutsen nan ku toshe bakin. Ya sha ruwanmu, ya ishe shi." Suka toshe, suka taru, suka ɗaga murfin. Na tashi zaune a hankali, na juya kai ina dubansu ɗaya bayan ɗaya. Darwishu shi ya fara gudu, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Suka bar mini jaki da salka da gurasa.

Na saki linzami jakin ya bi hanyar da ya sani. Ya kai ni inda rairayi ya yanke kamar an sa wuƙa, kore ya fara, ga Kogin Hafira yana tafiya tsakanin dabinai. A bakinsa Birnin Zumurra yake. Jama'a, na ga gari. Hasumiyoyi tsaye kamar karan dawa a gonar da ta yi kyau, ƙubbobi tsakaninsu manya da ƙanana, wasu an sassaƙa musu taurari, wasu ganye. Bangaye layi ja layi fari. Tagogi na katako, an huda su kamar saƙar taru, na ciki ya ga na waje, na waje bai gan shi ba. Kowane babban gida da baki buɗe a kan rufinsa yana fuskantar arewa, yana haɗiyar iska. Na sauka daga kan jaki na yi sujada. Waɗannan ƙubbobi da ƙananan duwatsu aka yi su, irin waɗanda mutum ɗaya zai ɗauka.

Mai tsaron ƙofa ya tambayi sana'ata. Na buɗe baki da alfahari na ce, "Magini ne, ɗan Sarkin Magina." Kafin in rufe bakin an kayar da ni, an sa mini mari a ƙafa.

Abin da ban sani ba shi ne, sabon sarkin ƙasar ya rantse zai gina fada a ƙetaren kogi wadda za ta shafe sunan duk sarakunan da suka gabace shi. Ya danƙa aikin ga wani kwamandansa, Amiru Tangiza. Wurin fasa dutse da nisa, sarki kuwa yana gaggawa, sai Amiru ya ga ai ga dutse nan sassaƙaƙƙe a tsofaffin gidajen birni. Duk maginin da aka gani kamawa ake yi. Ni da na ƙetare rairayi don in koyi gini, sai ga ni an sa ni rushewa.

Kullum sai mu shiga gidan da kakannin wani suka ƙawata, mu ɓamɓare marmara, mu cire tagogi a tara su a ƙona don dafa wa sojoji abinci. In an zo kan ƙubba, a ɗaura sarƙa a ginshiƙi, shanu su ja, ta sauko gaba ɗaya cikin ƙura. Ina tsaye ina kallon abin da na zo nema yana zama tsakuwa, ban ga yadda aka ɗora ko dutse ɗaya ba. Na tambayi tsofaffin da muke ɗaure tare, suka ce masu sanin ƙubba wasu sun gudu, wasu sun mutu a ramin fadar, su masu miƙo dutse ne kawai. Ga yunwa, ga bulala, ga marin ya ci ƙafata har tana wari. Na kai inda na daina addu'ar komawa gida, sai dai in roƙi Allah in mutu a inda za a yi mini salla.

Wata safiya aka kora mu ƙofar wani gida a tsohuwar unguwa. Da muka isa sai maginan birnin duk suka zauna a ƙasa. Aka sa musu bulala, ba wanda ya tashi. Na kusa da ni ya raɗa mini cewa gidan Sitti Bahiyya ne, 'yar tsohon shugaban maginan Zumurra. Ubanta ya gina rabin ƙubbobin birnin, wannan kuwa ya gina ta wa kansa. An kwashe bayinta, an kwashe kayanta, ita ta zauna ƙarƙashin ƙubbar ta ce ba inda za ta.

Amiru Tangiza ya zagayo kan dokinsa, idonsa ya faɗa kaina. Ya ce, "Kai baƙo, ka san matar nan?"

Na ce, "Ban san ta ba, ranka ya daɗe."

"Madalla. A kwance shi daga sarƙa. Shiga ka sare gindin ginshiƙin gabas, ka ɗaura masa wannan sarƙar da shanu za su ja, ka buga ƙarfe mu ji, ka fito. Ta tashi ko kada ta tashi, ba ruwanka. In la'asar ta yi ƙubbar nan tana tsaye, da kai za a cike bangon fada, da ranka."

Na ɗauki guduma da ƙarfen sara, na ja bakin sarƙar na shiga. Zauren a lanƙwashe yake, ya fitar da ni tsakar gida mai itatuwan lemo, daga nan na shiga babban ɗakin. Waje rana na ƙuna, ciki sanyi kamar bakin rijiya, iska na saukowa daga bakin nan na rufi tana bi ta kan ruwa. A tsakiya ga maɓuɓɓuga ta marmara tana tsiyaya. Sama da ita ƙubbar, zobe kan zobe, tana ƙanƙancewa har ta ƙare a wata 'yar taga mai gilashi kala-kala. Ba itace. Na duba, na sake dubawa, ba itace. Guduma ta suɓuce daga hannuna.

Wata murya ta ce, "Ka zo kallo ne ko ka zo aiki?"

Tsohuwa ce 'yar ƙarama cikin baƙaƙen kaya, zaune a gefen maɓuɓɓugar, yatsunta duk sun lanƙwashe. Na durƙusa na gaishe ta. Ban san abin da ya buɗe mini baki ba, na gaya mata komai, masallacin, da Jatau, da mahaifina da ya juya wa duniya baya.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ka makara, ɗan nan. Ubana bai haifi namiji ba, ni na riƙa riƙe masa igiya tun ina ƙarama, abin da ya sani na sani. Amma yau ba ranar koyarwa ba ce. Yi abin da aka aiko ka."

"Sitti, ki dubi Allah ki fita. In ba ki fita ba, ko dai in kashe ki ko a binne ni da rai."

"Fita in je ina? In zauna a titi in kalli shanu suna jan gidan ubana? A ɗakin nan aka haife ni. Ba kai za ka kashe ni ba, wanda ya aiko ka ne. Na ɗauke maka."

Na roƙa, na yi kuka, na kama ƙafarta. Ta juya kai ta ci gaba da jan carbi. Daga waje ina jin sojoji suna kiran in yi sauri. Na tashi na fara sara, hawaye na haɗuwa da ƙurar dutse. Ina sara ina kallon ruwan maɓuɓɓugar, don ban iya kallon ta ba. Sai na lura ruwan yana malala ya shige ƙarƙashin wani faifan dutse mai zoben ƙarfe.

Na ce, "Sitti, ruwan nan ina yake zuwa?"

Ta ce, "Inda ya fito. Kogi." Ta faɗa ne kawai, hankalinta na wani wuri.

Na gama sara, na ɗaura sarƙar. Na je na sa ƙarfe a zoben na ɗaga faifan, sanyi da duhu suka bugo ni. Na soke guduma a ƙugu bayan na buga ƙarfen da ƙarfi. Na ji masu shanu sun yi kuwwa, sarƙar ta miƙe, ginshiƙin ya yi ƙara. Na sure tsohuwar kamar yadda ake surar yaro, na faɗa ramin da ita.

Ƙubbar ta sauko a kanmu. Ƙasa ta girgiza, duwatsu suka toshe bakin ramin, haske ya ɗauke. Ruwa ya kai mini ƙirji. Na goya ta na bi inda ruwan ke ja. Tana dukan kaina, tana cizon kafaɗata, tana cewa, "Sauke ni, mugu. Wa ya aike ka?" Ban sauke ta ba. Hanyar ta yi ta ƙuntata, rufinta na saukowa, har sai da na ɗaga haɓa sama kafin in sami numfashi, na mai da ita gaba na tallafe kanta. Marin ƙafata ya maƙale a wani abu, na nutse na kwance shi da hannu, na taso na tarar ta daina zagi. Wannan shirun ya fi duhun tsorata ni. Can na hangi haske, na kuma hangi sandunan ƙarfe sun gitta bakin mafitar. Tsatsa ta ci su. Na sa guduma na yi ta duka har hannuna ya fashe, biyu suka karye, muka fito cikin ciyawar bakin kogi.

Na kifa ta, ta amayar da ruwa, ta buɗe ido. Wani mai jirgin tukwane da ke wucewa ya gane ta, ya tsaya ya ɗauke mu, ya rufe mu da ciyawar da yake shimfiɗa wa kayansa. A birni kuwa kowa ya ɗauka ƙubba ta binne mu. Muna nisa, ƙurar gidanta na tashi sama da hasumiyoyi, ta dube ni ta ce, "Ka hana ni mutuwa a gidana." Daga wannan ba ta sake yi mini magana ba.

Mai jirgin ya kai mu ƙauyensu can kudu, ƙauyen masu tukwane, maƙerinsu ya cire mini marin. Mutane ne matalauta. Rufin tanderun da suke gasa tukwane ya faɗi, sana'arsu ta tsaya, mai gyara musu kuwa yana ɗaure a Zumurra. Na ce zan gina su ci da mu. Na ɗebi gasasshen tubali na fara, ina kwaikwayon abin da idona ya gani. Ya kai rabi ya rufta. Na sake, ya rufta a kan hannuna. Mai garin ya kira ni gefe, cikin kunya ya ce in wannan karon bai tsaya ba, sai dai mu nemi wani wuri, don 'ya'yansu ma ba su ƙoshi.

Sitti Bahiyya kullum tana zaune gindin dabino, ta ba ni baya, ta rame har iska na iya ɗaukarta. Na koma cikin kangon tanderun na fara jera tubali, na san zai faɗi, ban san abin da zan sauya ba. Sai na ji sanda a gadon bayana.

Ta ce, "Wane jaki ne ya koya maka gini?"

Na ce, "Mahaifina ne, Sitti. Ba jaki ba ne."

Ta dube ni. Ta ce, "To, Allah ya ba shi haƙuri. Kwashe wannan shirmen. Kafa turke a tsakiya."

Na kafa. Ta sa na ɗaura igiya a kan turken, ɗaya bakin a wuyan hannuna. Ta ce, "Inda igiya ta ƙare, nan tubali zai zauna. Yadda igiya ta kwanta, haka zai kwanta. Kada ka hau layi na sama sai ka rufe zoben da kake kai, ka danna na ƙarshe ya shiga da ƙyar. In zobe ya rufu, duk son tubali ya faɗi ba shi da hanya, na gefensa ya tare shi. Ba haka ba, karkato shi. Kai, hannun nan naka na laka ne." Ta yi ta faɗa tana ƙwanƙwasa ni, zobe na hawa kan zobe, har na sa tubalin ƙarshe. Aka hura wuta, tanderu ya tsaya. Ran nan ta ci abinci har ta nemi ƙari.

Na yi shekaru a ƙauyen nan. Ta koya mini yadda ɗaki mai kusurwa huɗu ke karɓar ƙubba zagayayya, da yadda ake ƙona farar ƙasa a yi abin ɗinke tubali, da yadda ake buɗe wa gida baki ya sha iska. Na rufa musu rijiya, na rufa musu masallaci. Ban taɓa jin ta yaba ba, iyakarta ta ce, "Ba zai kashe kowa ba." Da ciwon ajali ya kama ta na durƙusa na ce, "Sitti, ki yafe mini abin da na yi miki."

Ta ce, "Na yafe tun ranar tanderu. Ban gaya maka ba ne don kada ka saki jiki." Muka binne ta a gindin dabinon nan, na bi ayari na juyo gida.

Na tarar da furfura ta rufe mahaifina, idanunsa sun tafi. Ba wanda ya yarda ya ba ni aiki, sai na rushe zaurenmu na gasa tubali na rufa shi da ƙubba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, mutane na tsayawa nesa suna jiran ya faɗi. Daga baya Sarki ya zo da kansa ya shiga ya fito, ya ce in je in duba kangon masallaci.

Ranar da na gama rufa masallacin, jama'a suka cika fili, ba mai shiga. Mahaifina ya ce in kama masa hannu. Muka shiga mu biyu. Ya bi bango yana shafawa, ya ɗaga sandarsa iyakar tsawonta yana laluben azara, bai samu ba. Ya kara kunne a bango ya daɗe.

Ya ce, "Mantau, ba na jin motsin komai."

Na ce, "Ba abin da gara za ta ci, Baba."

Ya tsaya yana jinjina kai, ruwa na bin gemunsa. A bayanmu na ji takalma suna zubewa a bakin ƙofa, mutane sun fara shigowa. Ya matse hannuna ya ce, "Gobe in za ka wurin aiki ka tashe ni. Ka sa mini igiyar nan a hannu, ka nuna mini."

Nan hikayata ta tsaya. Wanda ya ji, ya sa Jatau da Sitti Bahiyya cikin addu'a. Allah ya rufa mana asiri da rufin da ba ya faɗuwa, amin.